Gidan jan bulo da ya haura shekara 300 a tsaye: me birkila zai gani a jikinsa?

A jihar Bajiniya ta Amurka, kusa da kogin Lynnhaven, akwai wani ɗan gidan jan bulo da ake kira gidan Adam Thoroughgood. Ba wani babban gida ba ne: hawa ɗaya ne, sai ɗakunan da aka cusa ƙarƙashin rufi. Lokacin da aka gina shi gonaki ne kewaye da shi, yau kuwa birnin Virginia Beach ya haɗiye wurin. An daɗe ana cewa tun 1636 yake, amma binciken masana ya mayar da shi wajen 1719. Shi Adam ɗin ya rasu tun 1640, ke nan zuriyarsa ne suka gina, sunan kawai ya bi gidan.

Abin kallo a nan shi ne jerin bulon. Bango uku an yi musu jerin da ake kira na Ingila: layi ɗaya a kwantar da bulo bisa tsawonsa, layi na gaba a juya shi kansa ya leƙo waje, haka har sama. Waɗanda aka juya ɗin su ke shiga cikin kaurin bango su ɗaure ciki da waje, shi ya sa bangon ba ya rabewa biyu. Aiki ne mai ƙarfi, kuma ba ya cin lokaci.

Bangon yamma kuwa daban ne. A kowane layi ana sa mai tsawo ɗaya, mai kai ɗaya, mai tsawo, mai kai, sannan layin sama ya goce yadda kowane kai zai zauna a tsakiyar mai tsawon da ke ƙasansa. Wannan shi ne jerin Filemish. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma yana buƙatar birkila mai haƙuri da bulo masu kai ɗaya, don kuskure kaɗan ido zai kama shi. To ka ga lissafin masu gidan: ado a bango ɗaya, sauran uku a yi abin da aljihu zai ɗauka. Duk wanda ya ga gida a Legas an manna wa gabansa tayil an bar bayansa ko filasta babu, ya san wannan hali.

Sai bututun hayaƙi. Na kudu a waje yake, ƙato, mai faɗin gindi, yana tsukewa mataki-mataki har ya wuce rufi. Na arewa kuma an shigar da shi cikin bango. Rufin mai gangara ne sosai, ruwan sama ba ya samun wurin zama.

Akwai kuma abin da ke tsakanin bulon. A wancan zamani babu siminti, magina a gaɓar Bajiniya kan ƙona ɓawon kawa ta teku su sami farar ƙasa su kwaɓa da yashi. Irin wannan kwaɓi ya fi bulo laushi, yana barin danshi ya fita. In aka zo gyaran tsohon bango irin wannan aka cusa siminti, ruwa sai ya maƙale cikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa. Mu da ke zaune a garuruwan ruwa irin Fatakwal da Warri mun san yadda danshi ke cin gindin bango.

Kada kuma a manta, dukiyar irin waɗannan gidaje daga gonakin taba ta fito, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. An gyara gidan a shekarun 1950, kuma a 1960 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihinta.