Alƙaluman wani baƙo: El Anatsui daga Ghana zuwa Nsukka

Jami'in da ke bakin iyakar Jibia, kan hanyar Maraɗi, kawuna yake ƙirgawa: wa ya shigo, da wace takarda, kwana nawa zai yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba tare da biza ba. Littafin shige da fice ba shi da gurbin rubuta abin da baƙo zai zama in zamansa ya ɗore. Alƙaluman El Anatsui, mai fasahar sassaƙa, suna cike wannan gurbi.

An haife shi a Anyako ta ƙasar Ghana a 1944. A 1975, yana da shekara 31, ya zo Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka koyar da sassaƙa, bai ajiye alli ba sai 2011. Shekara 36 ke nan. Yana cikin wannan zama ne gwamnatin Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fice a Janairun 1983. An ƙiyasta 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka tattara nasu ya nasu, korar ta shafi 'yan Nijar ma. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa a jami'a.

Aikin da ya fito da shi ba siffar mutum ba ne, ba ta dabba ba. Murafun kwalaben barasa ne na alminiyam, irin kayan da ɗan bola jari ke sayarwa a kan kilo. Mataimakansa kan miƙe kowane murfi, su huda shi, su ɗinke shi da ɗan'uwansa da siririyar wayar jan ƙarfe, har dubbai su zama shimfiɗa ɗaya da ake ratayewa a bango tana lanƙwasa.

Wani aikinsa na gwangwani da madubai, wanda aka kafa a birnin New York a 2012, ƙafa 157 ne a faɗi, 37 a tsayi. Murabba'in ƙafa 5,800 da 'yan kai ke nan, ya zarce fuloti mai ƙafa 50 da 100.

A 2012 gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da aikinsa "New World Map" kan fam 541,250. A nan ne mutane ke rikicewa. Kuɗin gwanjo na wanda ya kai kaya kasuwa ne, galibi wani mai tarawa da ya saya tun da araha, sannan adadin da ake bugawa ya haɗa da ladan gidan gwanjon. Don haka ba shi ne abin da ya shiga aljihun mai aikin ba. Abin da adadin ke nunawa shi ne inda masu saye suke: Landan da New York, nesa da inda aka tsinto murafun.

A 2015 bikin fasaha na Venis a Italiya ya ba shi lambar Zakin Zinariya, a 2023 kuma gidan Tate Modern na Landan ya ba shi babban zaurensa ya cika da aikinsa.