Ɗakin motsa jiki na mata zalla: ƙiba yake ragewa, ko aljihu?

A Damagaram, idan aka ce wa mace «kin yi kyau, kin murje», ba ana nufin ta rame ba ne. Amma ga shi yau likitoci suna ce wa matan ma'aikata da na ƴan kasuwa su rage nauyi, hotunan ɗakunan motsa jiki na mata zalla kuma suna ta yawo cikin wayoyin salula daga Yamai da Kano. Shin irin wannan ɗaki ya dace da macen da ba ta taɓa motsa jiki ba tun da ta bar lakwal?

Gwada ƙarfi ba baƙon abu ba ne a wannan gari. Tun da aka soma gasar takobin kokowa a Tawa cikin shekarar 1975, Damagaram ba ta rasa ƙartin da take alfahari da su ba, filin kokowarta ma sunan ɗaya daga cikinsu yake ɗauke da shi, wato Langa-Langa. A shekarar 2021 kuma, ƴar garin nan Aicha Macky ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder, inda duniya ta ga samarin Kara-Kara, ƴan «palais», suna ɗaga ƙarafan da suka harhaɗa da hannunsu. Sai dai a duk waɗannan wurare mace ba ta da gurbi. Kuma a da can ba ta bukatarsa, domin turmi da taɓarya da tulu sun ishe ta. Wadda ta yi surfe da sassafe, ta yi dakan fura da hantsi, ta je rijiya sau uku ko huɗu, wane motsa jiki ne ya rage mata?

Har yanzu akwai dubban mata a unguwannin bayan gari da ƙauyukan jaha waɗanda haka rayuwarsu take, musamman da yake ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a Damagaram. Waɗannan ba su ne abin magana ba a nan. Jahar ma tana cikin waɗanda tamowa ta fi addabar yaransu a Nijar. Maganar ta shafi wani rukuni ne dabam: ma'aikaciyar da ke zaune a buro daga safe zuwa la'asar, da Hajiyar da ke zaune bisa tabarma tana sayar da atamfa da turare, da uwargidan da injin niƙa da mai garuwa da ƴar aiki da ɗan kabu-kabu suka ɗauke mata kowace wahala. Aikin ƙarfi ya tafi, amma tukunya tana nan yadda kakanni suka bar ta, har ma an ƙara mata mai da sukari da lemun kwalba.

Daga Ingila zuwa Teksas

Tsarin da ake magana a kansa ba sabo ba ne. A shekarar 1953 wasu malamai biyu na jami'ar Leeds ta Ingila, Morgan da Adamson, suka shirya shi: a jera wuraren motsa jiki iri-iri a da'ira, mutum ya yi ɗan lokaci a wannan, ya wuce na gaba ba tare da dogon hutu ba, har ya zagayo. Wanda ya maida shi kasuwa ta mata zalla shi ne kamfanin Curves, da Gary Heavin da matarsa Diane suka buɗe a garin Harlingen na jihar Teksas ta Amurka a 1992.

Dabararsu mai sauƙi ce. Minti 30 ne kacal, sau uku a mako. Na'urori suna kewaye da ɗaki, tsakanin kowace na'ura da ta gaba akwai ɗan dandamali inda mace za ta yi tattaki a tsaye. Kowane daƙiƙa 30 murya za ta ce a canza wuri. Ba namiji, ba gasa, ba wanda zai tsaya yana kallon yadda wata take haki. Na'urorin kuma ba su da tulin ƙarfe da za a ɗora ko a sauke: bututu ne mai ruwan mai a ciki, irin na birkin mota, wanda in an tura shi a hankali ya yi laushi, in an tura da sauri ya yi tauri. Ba su cin lantarki, abin da duk wanda ya san ɗaukewar wuta a watan Afrilu a Damagaram ba zai raina ba.

Kasuwar ta buɗe ƙwarai. Wajen tsakiyar shekarun 2000 rassan kamfanin sun kai kimanin 10.000 a duniya. Daga nan sai ta soma ja da baya, aka rufe dubbai a Amurka, har a 2018 wani kamfanin Japan ya saye uwar kamfanin. A Japan ɗin ne abin ya kafu sosai, akasari wajen mata masu manyan shekaru. Ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jarinsa a irin wannan sana'a, ya kamata ya riƙe labarin gaba ɗaya, da hawan da saukar.

Abin da ya dace da mai farawa

Ga macen da ba ta saba ba, alfanun farko ba a na'ura yake ba, a ƙofa yake. Matar aure a Birni ko Zango ko Sabon Gari ba za ta sa wando ta fita gudu bakin kwalta ba, kuma maigidan da zai bar ta ta shiga ɗakin da samari ke tuɓe riga bai yawaita ba. Ɗaki mai katanga, da mace mai koyarwa, da mata ƴan uwanta kaɗai, yana kawar da wannan hujja, ya bar maigida ba shi da ta cewa. Masu ganin abin kamar baƙuwar ɗabi'a ce daga Turai, malamai sun san hadisin da ya zo cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, sannan bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake ya tsere mata.

Na biyu, ba a bukatar sanin komai kafin a shiga. Na'urar da ke bin ƙarfin mai tura ta da wuya ta ji wa mutum ciwo, kuma ba ta cika barin tsamin jikin nan na kwana uku da ke sa mai farawa ta ce ta tuba ba. Ga mai ciwon gwiwa, wadda tsalle da gudu za su ƙara mata azaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai zumunci. Matan garin nan sun iya riƙe adashi shekara da shekaru ba fashi, saboda kowace tana jin kunyar ƴan uwanta. Abin da ke riƙe adashi shi ne ke riƙe motsa jiki. Wadda ta san ana jiran ta ranar Litinin da Laraba da Asabar ta fi wadda ta yi wa kanta alkawari cikin ɗaki zuwa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Zuwa uku na minti 30 ya ba da 90. Saura 60, waɗanda tafiyar ƙasa zuwa kasuwar Dole ko zuwa buro za ta iya cikawa, in an haƙura da kabu-kabu.

Inda lissafi ya ƙi

To, amma ƙiba fa? A nan ne mai talla da sikeli suke rabuwa. Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ana auna shi da kalori. A shekarar 2005 masu bincike na jami'ar Wisconsin da ke La Crosse sun auna matan da ke yin wannan zagaye na minti 30, suka tarar suna ƙona kalori wajen 184 a kowane zuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7.700. Ɗan kasuwa ba ya bukatar alƙalami: zuwa 40 da ɗoriya ke nan, wato fiye da wata uku ba fashi, kafin kilo guda ya tafi, in har cin abinci bai canza ba.

Kuma yakan canza, ta wajen da ba a so. Kwalbar lemu guda tana da kalori wajen 140. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, 120. Ƙwayar sukari guda, 20; sai a ƙirga nawa ake jefawa cikin kwanon fura, nawa cikin shayi na fari da na biyu da na uku. Wadda ta fito daga motsa jiki da ƙishirwa, ta sha lemu mai sanyi, ta haɗa da ƙosai uku don ta saka wa kanta, ta mayar da abin da ta zubar har da riba. Lita ɗaya ta mai ta haura kalori 8.000, wato ta fi abin da za a ƙona cikin wata uku a kan na'ura. A ƙasar gyaɗa irin ta Magariya da Matamai, inda ake auna darajar miya da man da ke yawo a kanta, wannan magana ba ta da daɗin ji, amma haka take.

Akwai kuma iyakar na'urar kanta. Sauƙin da ya sa ta dace da mai farawa shi ne ke sa ta gaza daga baya. Ba ta da lambar da za ta nuna cewa yau an tura fiye da na watan jiya, kuma mace tana iya zagaye ɗakin tana hira, tana taɓa kowace na'ura kamar mai gaisuwar biki, ta fita ba gumi. Bayan ƴan watanni jiki ya saba, sikeli ya tsaya cik, sai a ce abin ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Matakin farko ne aka ɗauka kamar shi ne bene.

Duk da haka kuskure ne a yanke hukunci da sikeli kaɗai. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3.000 masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da motsi na minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari. A ɗauki mace mai tsawon mita 1,60 da nauyin kilo 82. Kashi 7 nata bai kai kilo 6 ba. Ba za ta koma budurwa ba, zanenta ma ba lalle ya nuna ba, amma gwiwa da hawan jini da sukari za su sani.

Ƙiba da mutunci

Babban abokin gabar wannan mace ba mai ba ne, bakin mutane ne. A ƙasar Hausa, kamar a wajen Zabarmawa da Larabawan Azawak, cikar jiki shaida ce ta hutu da wadata da kulawar miji. Mai jego ana ɗura mata kunun kanwa da nama kwana arba'in, kuma in ta fito ba ta cika ba, dangi su tambayi maigida. Wadda ta zube kilo biyar, kafin mako ya zagayo an ce ko kishiya ce, ko bashi, ko wata cuta da ba a son faɗin sunanta. Shi ya sa har yanzu wasu ƴan mata suke sayen ƙwayoyin sa ƙiba wajen masu tallan magani a faranti, irin su dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, yana kuma tayar da sukari da hawan jini. Su kuma masu son ramewa cikin gaggawa suna faɗawa hannun masu shayin rage tumbi, wanda akasarinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa: ruwa ya fita, kitse yana nan. Mai faranti ɗaya yakan sayar da duka biyun.

A nan maigida yana da rawar takawa fiye da biyan kuɗi. Tukunya ɗaya ake ci. In ya nace sai miya ta yi iyo cikin mai, ya kuma dawo da tsire da lemu kowane dare, kuɗin watan da ya biya sadaka ya yi wa mai ɗaki. Shi ma, in ya duba ƙasan babbar rigarsa, wataƙila maganar ba ta uwargida kaɗai ba ce.

Kafin a biya

Wadda ta haura shekara 40, ko take da hawan jini, ko ciwon sukari, ko take jin zafi a ƙirji in ta hau matakala, ta fara biyawa ta asibiti a auna ta. Mai ciki da wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa su nemi izinin likita ko ungozoma. A tambayi mai koyarwa inda ta koyi aikin, a duba ko ɗakin yana shan iska kuma akwai ruwan sha, domin a bazara zafi yana wuce digiri 40, lokacin da ya dace kuwa shi ne bayan asuba ko gab da magariba. A biya wata-wata, kada a yarda da biyan shekara gaba ɗaya komai rangwame, sannan a ƙarshen wata a raba kuɗin da yawan zuwan da aka yi, a ga jika nawa kowane zuwa ya ci. Wanda ya yi alkawarin kilo goma cikin wata guda, a bar masa kayansa.

Inda ɗakin bai samu ba, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin albashi, tsarin ba mallakar kowa ba ne. Mata biyar ko shida a tsakar gida guda, da kujera ta zama da tashi, da dakali na hawa da sauka, da bango na turawa, da jarka mai lita biyar a kowane hannu, da wata mai riƙe agogo tana cewa a canza, sun haɗa da'irar Morgan da Adamson. Abin awo kuma yana wajen tela: a zagaya tef daidai cibiya sau ɗaya a wata, a rubuta a bayan littafin adashi. Ga mace, haɗari yana somawa daga santimita 80, yana tsananta in an wuce 88.