Inda fatake da 'yan kasuwa za su ci abincin gargajiya a Dogon Dutsi

Masu iya magana na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya san cewa Dogon Dutsi zango ne. Tsakanin garin da Yamai akwai tafiyar kimanin kilomita 270, saboda haka matafiyin da ya yi sammako yakan iso da yunwarsa. Tambayar da baƙi suka fi yi da zarar mota ta tsaya ita ce: ina za a sami abinci na kirki, wanda ba zai cinye riba ba, kuma ba zai ɓata ciki ba? A wannan karon mun ga ya dace mu duba wannan batu, musamman domin 'yan kasuwa maza da mata da ke shiga ƙasar Arewa neman halaliyarsu.

Kafin mu shiga tukunya, ya kamata a san ƙasar. Arewa ita ce ƙasar Arawa da Gubawa, wadda a yau ta haɗa gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri a cikin jihar Doso. Tibiri ta samu zaman kanta a matsayin gunduma a shekarar 2011. A nan ne Matankari take, tsohon garin sarautar Arewa, a nan ne kuma Lugu take, inda Sarauniya Mangu ta kara da rundunar Faransawa a 1899. Kwarin Dallol Mauri ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, kuma ruwa ba shi da zurfi a cikinsa. Shi ya sa tudu ke ba da hatsi da wake da gyaɗa, fadama kuma ke ba da rogo da dankali da kayan lambu. Abin da gona ta bayar, shi ake gani a cikin akushi.

Wuri na farko shi ne kasuwa, musamman ranar Juma'a da kasuwar Dutsi ke ci. Tun da hantsi za ka tarar da matan Fulani da ƙorensu na nono, kusa da masu sayar da fura, ko kuwa hura kamar yadda Arawa ke faɗi. Ga mai zaman rumfa babu abin da ya kai ta, domin tana riƙe ciki, tana kashe ƙishirwa, kuma ba sai an bar kaya an je neman wurin zama ba. A cikin kasuwar kuma akwai masu ɗan wake, da masu dambu, da masu kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, irin wanda Zabarmawa ke kira kopto.

Wuri na biyu shi ne tasha da bakin kwalta. Nan ne matattarar masu shayi da burodi, da masu ƙosai da waina da safe, da masu shinkafa da wake da rana, sannan mahauta su hura wutar tsire da balangu idan la'asar ta yi. Amfanin abincin tasha shi ne sauri, amma aibinsa shi ne mai sayarwa ya san yawancin masu saye ba za su dawo gobe ba. Dabarar tsofaffin fatake a nan ita ce su duba inda direbobi da kamasho da 'yan dako ke zama su ci. Waɗannan kullum suna nan, kuma ba sa komawa wurin da ya taɓa cutar da su.

Wuri na uku, wanda baƙo ba ya gani daga cikin mota, shi ne gidajen tuwo na cikin unguwa. Yawancinsu ba su da allo ko suna, sai dai a ce gidan wance. A nan ake samun tuwon hatsi ko na dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta yakuwa, wadda aka kaɗa da daddawa. Wanda ke so sai ya tambayi mai masaukinsa ko abokin cinikinsa na gari. Idan an je kuma a yi sallama, a ce "Inna, sannu da aiki" kafin a tambayi abin da ke akwai. Gaisuwa ba ta rage kuɗi, amma takan ƙara miya.

Haka abin yake a kasuwannin ƙauye na mako-mako, daga Matankari da Dan Kasari har zuwa Gecheme da Kore Mairuwa da Dumega. Kowane lokaci kuma da nasa. Da damina ganye ne ke yawa, irin su tafasa da rama. Da kaka sai tumu da furar sabon hatsi da ɗanyar gyaɗa. Da ɗari kuwa lambuna ke cika kasuwa, a ga dankalin Turawa da Dutsi ta yi suna a kansa, da kabeji da salak, ga kuma soyayyar fara da yaji.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda abincin waje ke ƙara cin kasuwa. Shinkafar buhu da taliyar leda sun fi saurin dafuwa, ba sa bukatar surfe da daka da tankaɗe, ga shi itace ya yi tsada. A manyan birane irin su Yamai da Kano kuma matasa sun koma wa shawarma, wadda asalinta gashin naman Turkawa ne da suke kira dona.

To amma 'yan kasuwarmu da ke zuwa Santambul sarin tufafi da takalma a unguwannin Laleli da Aksaray, musamman tun da jiragen Turkish Airlines suka fara sauka a Yamai a 2012, sun ga wani abin lura. Su kansu Turkawan ba su yar da abincin iyayensu ba. Suna da gidajen abinci da suke kira esnaf lokantasi, ma'ana gidan abincin masu sana'a. Ana dafawa da safe, a jera tukwane a gaban mai saye, ya nuna abin da yake so, kuma kafin yamma yawanci an karkaɗe. Babban abincinsu a wurin shi ne farin wake da shinkafa, sai a kora da ayran, wato nono da ɗan gishiri. Wake da shinkafa da nono ke nan, abin da Inna ke sayarwa a bakin tashar Dutsi. Bambancin kawai shi ne can an tsabtace wurin, an rufe abincin, an kuma ɗauki sana'ar da daraja.

Wannan ya kawo mu ga batun tsabta, wanda ba abin wasa ba ne. Ba a manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta shafi jihohi da dama na Nijar har da Doso. Mai saye ya nemi abinci mai zafi, wanda aka kwaso daga tukunya a gabansa. Ya tambayi ruwan da aka dama fura da shi. Ya wanke hannu da sabulu da ruwan buta, ya guji kwanon ruwa ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki. Kwaɗo da salak da suka yini a buɗe cikin rana da ƙuda a bar su, komai arharsu, domin kwana biyu a kwance ya fi kuɗin kwano goma.

Ga 'yan'uwanmu mata masu sayar da abinci kuwa, murfi da faifai da butar wanke hannu ba su da tsada, amma su ne ke dawo da baƙo, har ya kawo wani. A kuma tsaya a kan mudu ɗaya da farashi ɗaya ga ɗan gari da baƙo, domin labarin ha'inci ya fi mota gudu.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya yi. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 2023, kayan da ake shigowa da su ne suka fara wahalar samu. Hatsi da wake da kuka kuwa a gida suke. Kowace dala da aka kashe a kan tuwo ko fura tana bi ta hannun mai dafawa, da mai niƙa, da mai nono, da mai daddawa, har ta kai ga manomin da shi ne zai zo rumfarka ranar kasuwa ya sayi atamfa ko sabulu.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, idan hanya ta kawo ku Dutsi, a sha fura a kasuwa da hantsi, a nemi gidan tuwo idan dare ya yi. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gidansa lafiya.