Metformine, Maganin Ciwon Sukari: Amfaninsa da Illarsa

Wanda aka auna jininsa a asibitin Matameye aka tarar yana da ciwon sukari irin na manya, galibi ƙwayar da ake fara ba shi ita ce metformine. Wani kwalin Glucophage ne aka rubuta a kansa, amma magani ɗaya ne. Tun shekarar 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fara ba majiyyata shi. Aikinsa shi ne rage sukarin da hanta take zubawa cikin jini.

A makonnin farko yakan kawo tashin zuciya, murɗar ciki, gudawa, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da yawa a nan suke jefar da shi, alhali wahalar takan lafa. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, miligiram 500, kuma a sha tare da abinci, ba da ciki wayam ba.

Babban haɗarin yana wajen ƙoda, domin ita ce take fitar da maganin ta fitsari. Idan ruwan jiki ya ƙare, kamar ga mai amai da gudawa mai tsanani, ko manomin da ya wuni yana sharar gona cikin zafin bazara bai sha ruwa ba har ya galabaita, ƙoda takan gaza, maganin ya taru, jini ya yi tsami. Abin bai cika faruwa ba, amma yana kisa. Alamunsa: kasala mai yawa, ciwon tsoka da haki. Wanda amai da gudawa suka kama, ya dakata da shan ƙwayar, ya tafi gidan likita ran nan. Mai ciwon ƙoda da mai shan giya su faɗa wa likita gaskiya tun farko.

Wanda ya yi shekaru yana sha, bitamin B12 takan ragu a jikinsa. In ƙafa ta fara mutuwa ko jini ya yi ƙaranci, a je a auna.

Ɗan Barto gari ne na kan iyaka, ƙwayoyi suna shigowa daga Daura da Kano, ƴan tebur kuma suna sayar da su ba kwali. Akwai wata ƙwayar sukari, glibenclamide, fara ce ita ma, amma tana iya kayar da sukari ƙwarai, abin da metformine shi kaɗai bai cika yi ba. Wanda ya sha ta ya kama karkarwa da gumi, a ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya, sannan a kai shi likita tare da sauran ƙwayoyin.