Injin da Ke Rubuta wa Kwamfuta Yadda Za Ta Ɗaure Saƙo

Ga abin da muka tattauna a filin kimiyya na wannan mako.

Duk wanda ya sayi gero a wata kasuwa ya kai wata ya san rigimar awo: tiyar nan ba lalle ta yi daidai da mudun can ba. To, su ma kwamfutoci haka suke. In ɗaya za ta aika wa 'yar'uwarta saƙo, sai sun yarda da awo guda, da kuma abin da zai zo farko da wanda zai biyo baya.

Akwai wata ƙa'idar awo da ake kira XDR, wadda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya wallafa a 1987. Da ita tsarin NFS ke aiki, wato wanda ke ba kwamfuta damar buɗe takardun da ke ajiye a cikin wata kwamfutar kamar nata ne. A wannan ƙa'ida komai ana jera shi gurbi huɗu-huɗu. A ce za a aika kalmar "Jibiya". Gurbi huɗu na farko za su ce haruffa 6 na tafe. Sai haruffan shida su biyo, sannan a cike gurbi biyu da sifili. Jimla 12 ke nan. Mai karɓa ma haka zai kwance, ɗaya bayan ɗaya.

To ina haɗarin yake? A ce wani mugu ya turo saƙo yana cewa haruffa dubu na tafe, alhali wurin da aka tanada na ɗari ne. In wanda ya rubuta umarnin kwance saƙon ya manta bai sa a duba ba, ragowar za ta malala cikin wurin da ba nata ba. Ta nan ake tsayar da na'ura cak, ta nan kuma ɓarawo kan samu ƙofa. Abin ya fi muni in ya faru a zuciyar babbar manhaja, domin ita ce ke riƙe da makullan gidan duka.

Shekara da shekaru, a zuciyar Linux, mutane ne ke rubuta wannan umarni na NFS da hannu, layi bayan layi. Akwai tsohon kayan aiki mai suna rpcgen da ke yin rubutun da kansa, sai dai abin da yake fitarwa na manhajojin waje ne, bai dace da zuciyar ba. A 2024, cikin Linux 6.12, aka shigar da sabo mai suna xdrgen, aikin Chuck Lever, ɗaya daga cikin masu kula da NFS. Shi ana miƙa masa rubutacciyar ƙa'idar ne, ya karanta, ya fitar da umarnin ɗaurewa da na kwancewa. Ba ya gajiya, ba ya tsallake layi don sauri.

Kada ku ce an rabu da kuskure. In injin ya karkace, duk abin da ya fitar a karkace zai fito, kamar mudun da ya lotse. Amfanin shi ne wuri guda za a gyara, sai gyaran ya bi ko'ina. Shi ya sa ake sauya tsohon rubutun sannu a hankali.

Wani zai ce, ni da ke bin shanu, ina ruwana? Malam, wayar Android da ke aljihunka a kan zuciyar Linux aka gina ta. Shi NFS ya fi aiki a manyan kwamfutocin kamfanoni da ma'aikatu, amma duk saƙon da ya shigo wayarka sai an kwance shi bisa wata ƙa'ida, kuma irin wannan ƙofar ake toshewa in an turo gyara. Saboda haka in wayarka ta nemi a sabunta ta, ka samu inda sabis ke da ƙarfi ka bar ta ta gama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.