Na'ura da Hannun Gwani: Matsayin Mai Zane a Zamanin Kwamfuta

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba matsayin mai zane da mai sassaƙa tun da kwamfuta ta shigo sana'arsu, wato mu tambaya: idan na'ura ce ta yi aikin, wane ne gwanin?

Bari mu fara da Harold Cohen, mutumin Ingila, wanda ya riga ya yi suna wajen zane kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya a San Diyego a 1968. A can ne ya tsara wata manhaja mai suna AARON, ya shimfiɗa mata ƙa'idojin layi da siffa, har ta riƙa zana hotuna da kanta. Da fari shi yake shafa launi da hannunsa, daga baya ya koya mata launin ma. Bai daina yi mata gyara ba sai da ya rasu a 2016.

Haka abin yake wajen sassaƙa. A Karara ta Italiya, inda Michelangelo ya riƙa zaɓen dutsen marmara, yanzu hannun na'ura ne yake sare dutse bisa siffar da aka adana a kwamfuta, sa'an nan masassaƙi ya ƙarasa da hannu.

To, a nan gardama ta taso. A 2018 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da hoton da manhaja ta haɗa a kan dala 432,500. Amma a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa Jason Allen rajistar hoton da ya samar da Midjourney, don a ganinsu aikin ɗan Adam a ciki bai isa ba. Har ila yau, masu zane da yawa suna kukan cewa da ayyukansu aka horar da irin waɗannan manhajoji, ba izini, ba lada.

A nawa ra'ayin, hannun da ya yi aiki bai isa ya nuna gwani ba. Babban Gwani Mikailu bai ɗora kowane tubali na Masallacin Juma'a na Zariya da kansa ba, amma sunansa ake ambata, domin shi ya tsara, shi ya ce wannan ya yi, wancan a rushe. Saboda haka ma'aunin da ya kamata mu riƙe ke nan: wa ya tsara, wa ya zaɓa, kuma an biya waɗanda aka ɗebi basirarsu?