Ajiyar Wake

Da kaka wake araha gare shi, da bazara kuwa sai ya yi tsada. Amma mata da yawa sukan sayar da nasu tun da kaka, don tsoron ƙwari.

Akwai dabara. A 2007 aka fara yaɗa buhun PICS a Afirka ta Yamma. Leda biyu gare shi a ciki. Ki shanya wakenki ya bushe sarai, ki sheƙe. Ki zuba a ledar ciki, ki matse iska, ki ɗaure tam. Ki ɗaure ta biyu daban, sa'an nan buhun. Ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska, don haka ba sai an sa magani ba.

Kada ki riƙa buɗewa. Ki ɗora shi bisa katako, ki tsare shi daga ɓera, gama huda ɗaya ta ɓata aikin. Da bazara ku ci, ki sayar da saura.